Baba Fargal da Yaren Kakarsa

Wata Juma'a a bazarar 2014, ina da shekara goma, na raka Umma kasuwar kayan miya ta Abu Hamour a birnin Doha, inda muke zaune a lokacin. Zafi kamar a toya mutum. Tsakanin buhunan albasa muka tarar da wani tsohon Bature a zaune, ido rufe, yana rera waƙa da wani yare mai fita daga maƙogwaro, 'yan dako sun kewaye shi. Sai da ya buɗe ido na gane sabon malaminmu na Turanci ne, wanda muke kira Baba Fargal.

Mutumin ƙasar Ayalan ne, mawaƙi da tsohon yaren ƙasarsu. Ya ce mana da ƙuruciyarsa ƙauye-ƙauye yake bi a ƙafa, yana waƙa a biki da makoki, ya kwana inda aka ba shi tabarma. Da tsofaffi suka ƙare, yara suka koma Turanci, sai ya shiga duniya, har iska ta kaɗo shi Doha. Yakan ce, "Ina waƙa ne don kada na manta muryar kakata."

A filin makaranta, lokacin da muke 'yar ɓuya bayan tankin ruwa, yakan tara mu a inuwa, ya ce kowa ya yi waƙa da yaren gidansu. Wata rana layi ya zo kaina. Ba ni da ko baiti ɗaya na Hausa. Ranar na iske Umma tana tsince shinkafa a gidanmu na unguwar Gharrafa, na roƙe ta ta koya mini. Ta fara waƙar daka ta garinsu, ta kai tsakiya, sauran ya ɓace mata. Ta koma tsince shinkafarta.

Iyaye suka kai ƙara cewa yana ɓata lokacin jarrabawa. Har da Abba, wanda ya ce, "Turanci muka kai ki koyo, khalas, shi ke nan." Kafin ƙarshen zango makaranta ta sallame shi. Ya tafi da jaka ɗaya, babu wanda ya san inda ya nufa.

Yanzu ina Kano, ko'ina Hausa ake yi, ni kuwa har yau sai na lalubo kalma kafin na furta. Umma ta rasu bara. Rabin waƙar nan kaɗai ta bar mini.