Makullin Ruwa a Ƙarƙashin Turmi

Ranar da bututun gidanmu na Jega ya fashe, maigidana yana kasuwar Aliero, ni kuma na shanya albasarsa a tsakar gida. Ruwa ya yi tsiri, ya nufi albasa. Na kwarma ihu. Maƙwabta maza suka cika zaure, amma tunda maigidan ba ya nan, ba wanda ya shigo. Shawara kawai suke jefo mini daga can.

"Ɗiyata, toshe shi da tsumma!" in ji wani dattijo.

Na toshe, ruwan ya watso mini tsumman a fuska. Raina ya ɓaci. Sai na tuna ranar da aka ja mana famfo, an binne babban makullin ruwan kusa da ƙofa, surukata ta kife tsohon turmi a kansa saboda awaki. Na ture turmin, na tone ƙasa, na murɗa da hannu biyu. Ruwa ya ɗauke.

"Kin gani ko? Tsumma ya yi aiki!" in ji dattijon.

Na dubi tsumman kwance cikin taɓo, na dubi albasa a bushe, na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba."