Kalmar da Ticha Wumbei Ya Zaɓa wa Ƙanensa

Shekara goma sha tara muka yi muna koyarwa tare da Ticha Wumbei a garinmu da ke bayan Savelugu, ni lissafi, shi Turanci. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, amma ya san sunayenta duka.

Yakan ce Turawa sun jera saɓani hawa-hawa. In an ce differ, ra'ayinku ne ya bambanta, kuna iya cin tuwo a kwano ɗaya. Quarrel kuwa an kai ga ɗaga murya. Wadda ya fi so ita ce dissent: jama'a duk sun ce gabas, kai kaɗai ka ce yamma, kuma har yanzu kai nasu ne.

Na taɓa tambayarsa, "To mu da Dagbanci me za mu ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Mu sai mu ce mutumin taurin kai gare shi."

Shi yake rubuta bayanin taron gari, don da Turanci ake aika shi ofishin gunduma. Wata shekara wani kamfani ya nemi filin bakin rafi, inda mata ke tsintar kaɗanya, zai dasa mangwaro. Sarki da dattawa sun riga sun amince. Ranar taro kowa ya yi shiru sai Napari, ƙanen Wumbei ciki ɗaya, manomin doya. Ya durƙusa ya gai da manya, ya ce shi bai yarda ba, da man kaɗen wurin nan uwarsu ta raine su. Ya koma ya zauna.

Da aka watse, ina tsaye ya ce wa wansa, "Yaya, kada ka sa sunana a takardar nan. Na faɗa, an ji, ya isa."

Wumbei ya ce, "Sai na sa. Akwai kalmar da ta dace da kai, ta mutunci ce. Bari jikokinka su san ka yi magana."

Bayan mako uku amsa ta dawo daga gunduma. Wanda ya rubuto ta ya mai da kalmar dissent da Wumbei ya sa ta koma dissident, ya ce a sa ido a kan mutumin. Magatakardan fada ya fassara wa dattawa: ɗan tawaye, mai zuga jama'a.

Wumbei ya je fada da ƙamus a hammata, ya fara bayanin cewa kalmomin biyu dangi ne amma ba halinsu ɗaya ba. Wani dattijo ya katse shi. "Ticha, nan ba aji ba ne." Sau biyu yana hawa keke zuwa ofishin, a karo na biyu akawun ya ce masa, "Ba duk ɗaya ba ne?"

Da aka haƙe doya aka karɓe gonar Napari. Mutane suka fara amsa gaisuwarsa a taƙaice. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya tafi Techiman yin ƙwadago a gonakin wasu. Wumbei ya yi ta aika wasiƙu, ba amsa. Napari bai iya karatu ba, kuma daga baya muka ji ya rantse ba zai sake ba wani takarda ya karanta masa ba.

A shekara ta shida da tafiyarsa maciji ya sari Napari a gona, ya rasu. Na raka Wumbei ta'aziyya. Matar Napari, Sanatu, ta kawo mana ruwa, ta zauna nesa kaɗan.

"Bai taɓa zaginka ba, Yaya," in ji ta. "Abin da yake cewa kawai, ai ya roƙe ka."

Wumbei ya riƙe ƙoƙon ruwan har muka tashi bai sha ba.

Ya dawo da 'ya'yan Napari uku gidansa, ya riƙe su har suka girma. Rubutun taro kuwa ya bar wa wani. Ya rasu daminar bara a hannun Azima, babbar 'yar Napari, wadda ta yi wata huɗu tana jinyarsa.