Wuƙar da Na Ba Iska

Gonar kakata Delu tana bayan ƙauyenmu a yankin Tabanni, daidai inda daji ya ƙare. Tsakanin manyan itatuwan dajin da bishiyoyin ɗorawarta guda uku akwai wani fili siriri kamar lungu. Da kalwar ɗorawar nan take yin daddawa, kuma wutar da ke dafa kalwar ita ce wutar tatsuniyarmu. Bayan isha'i mukan zagaye tukunyar, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Ni ta fi tsokana, don sunan mijinta na ci. "Maigida, rufe baki ka buɗe kunne, ga ta nan tafe," in ji ta, tana tura itace da ƙafa.

Wai ranar da aka raba hanyoyi, tsuntsaye suka ɗauki sama, dabbobi suka ɗauki ƙasa. Jemage ya makara, ya tarar ba saura. Cikin daji rassa sun yi masa yawa, a fili kuma shaho na jiransa. Sai Ɗorawa ta ce ya riƙa bi ta gefenta, tsakanin daji da gona. Jemage ya ce ai nan Iska ke wucewa, yana tsoro. Iska ta yi dariya. A nan Kaka takan rage murya ta ce, "Wuce abinka, ɗan'uwa. Ni ba na yanka kowa, sai in an ba ni wuƙa." Tun daga ranar, in ɗorawa ta yi fure, jemage yakan bi jajayen furanninta ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su. Wanda ya gaisar shi ke yin 'ya'ya.

"To wa zai ba iska wuƙa, Kaka?" na taɓa tambayarta.

"Mai wayo irinka," ta ce, kowa ya kwashe da dariya.

Kaka ta rasu, Goggo Rabi, 'yarta, ta gaji tukunyar. Ni kuma na koyi aikin lantarki a Kaduna. Da ƙungiyar ƙauyenmu ta samo ƙaramin injin iska, mai fikafikai uku, don jan ruwan rijiyar burtsatse, ni aka ba zaɓen wurin kafa shi. Na yi kwana uku ina auna iska da rana tsaka. Babu inda take da ƙarfi kamar lungun nan, domin itatuwa sun matse ta.

Goggo ta same ni muna haƙa rami. "Isa, nan fa hanyar jemagu ce. Ka zo da magariba ka gani."

"Haba Goggo, tatsuniya ce fa," na ce mata. Ban je ba.

Injin ya fara jan ruwa, mata suka yi ta sa mini albarka, kaina ya kumbura. Da ɗorawa ta fara fure, sai ga Goggo da safe da faifai a hannu. Ta ajiye a gabana. Jemagu ne matattu, wasu fikafikansu a karye. Kullum haka take tsinto su a gindin ƙarfen injin, ashe, tana jin nauyin gaya mini.

Yanzu duk magariba ana ɗaure injin sai gari ya waye. Amma jemagun sun rage bin lungun, ɗorawar kuma fure take yi ya zube. Ba ni da ilimin da zan rantse cewa injina ne kaɗai sanadi, masu yin gawayi ma sun ci dajin. Abin da na sani shi ne, Kaka da Goggo sun gaya mini inda dabba ke bi da lokacin da take bi, na ɗauka hirar yara ce. Wannan yana ci mini rai har yau.

Bara na haɗu da Goggo a kasuwar Birnin Gwari tana taya kalwa, ita da ba ta taɓa saye ba. Da ta gan ni, sai ta ja mayafi ta rufe kwanon kalwar, don kada in ji kunya.