Fitilar da Ba Ta Numfashi

A ƙauyenmu na Shawiya ba a buɗe ramin hatsi sai Baba Busha'ib yana tsaye. Tsoho ne mai faɗan tsiya, amma duk sha'ir ɗin da muke binnewa saboda shekarar fari a hannunsa yake.

"Ku a zatonku hatsi gawa ne?" haka yake mana tsawa. "Numfashi yake yi, 'yan banza! Ya shanye iska mai kyau, ya bar muku mai kisa. Ku taɓa bangon, ga guminsa nan. Ku sa hannu ku ji ɗumi. Da ƙarfin nan yake jiran ranar tsiro."

Dokarsa ɗaya ce. A buɗe rami ya sha iska, a zura fitilar mai da igiya. In ta mutu, ko uban waye ba ya sauka.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani, sai haske-haske yake gani. Ya ƙi yarda, mu kuma tsoron bakinsa ya hana mu faɗa. Wannan shirun namu yana ci mini rai har yau.

Shekarar da ruwa ya ƙi, ɗansa Lahsan ya zo daga Kazablanka, inda yake ɗinki tun yana saurayi. Shi kaɗai ya rage masa. Ranar buɗe rami ya ga uban yana lalube, ya ce shi zai sauka. Fitilar man ta ƙi kamawa saboda iska, sai ya ɗaura sabuwar tocilar da ya kawo wa tsohon tsaraba, ya zura. Bai ga abin faɗa a ciki ba, haske ai haske ne.

"Baba, ga ta can tana ci."

Tsohon ya leƙa, ya hango haske a ƙasa.

"Tana ci kuwa. Sauka, ɗan birni, kada ka ɓata takalmin gayu."

Lahsan ya yi dariya ya sauka. Ko tari ba mu ji ba. Da ƙugiya aka fito da shi, tocilar kuwa tana can tana ci abinta.

Baba Busha'ib bai sake yi wa kowa faɗa ba. Ya rayu shekaru bayan nan, kuma duk wanda ya gaishe shi, sai ya kama hannunsa ya ce, "Ni na ce masa ya sauka."