Wushiryar Safiyatu

Shekara goma sha ɗaya Safiyatu ta yi a teburin karɓar baƙi na wata hukumar gwamnati a Garki, kuma in ka cire gaisuwa da nuna wa mutane ofishin da suke nema, aikinta duka murmushi ne. Daga Lugbe take fitowa kullum, ta sha cunkoson titin filin jirgi, ta iso a jigace, sannan ta washe baki ga duk wanda ya shigo, har da wanda ya zo da niyyar zagin oga. Murmushin kuwa ba laifi, domin Allah ya ba ta wushirya, 'yar tazarar nan tsakanin haƙoran gaba biyu, wadda ta gado wurin mahaifiyarta Ladi, Allah ya jiƙanta.

Duk Asabar takan je Kwali duba mahaifinta. Malam Surajo ya yi shekara talatin yana koyarwa a firamare, yana kiran sunayen yara ba tare da duba takarda ba, ga shi yanzu tsufa ya kwashe masa sunayen nasa 'ya'yan. Hafizu ƙaninta, da ke zaune gida ɗaya da tsohon, wani lokaci mai gyaran wuta yake ɗaukarsa. Amma da Safiyatu ta yi sallama ta yi dariya, sai tsohon ya nuna bakinta da yatsa ya ce, "Ga 'yar Ladi nan." Ita kaɗai ta rage masa, kuma ta san da wushiryar yake gane ta.

Da damina wani ɗan acaɓa ya zubar da ita a kwanar unguwarsu, haƙoran gaba biyu suka gutsure. Wata uku tana sa takunkumi a ofis tana cewa mura ce. A Kwali takan cire, tsohon kuma ya gane ta a hakan, har ya tambaye ta wa ya buge ta don ya je ya same shi. Shugabarta Madam Angelina ce haƙurinta ya ƙare. "Safiya, wannan mura naki ba ya warkewa ne? Mutane suna so su ga fuska fa."

Haka ta tafi wani asibitin haƙori a Wuse. Dakta Nazeer, matashi mai fara'a da saurin magana, ya ce za a kankare fuskar haƙoran kaɗan, a ɗauki awonsu, a ƙera wani siririn ɓawo na tangaran kamar farce a manna a kai. Veneer ya kira shi. Ya kuma gaya mata abin da aka kankare ba ya dawowa.

Ranar awo daga aiki ta wuce can, ko abincin rana ba ta ci ba. Allura ta kashe mata leɓe, ga auduga a kumatu, ga hadari ya haɗu, hankalinta duk yana kan yadda za ta sami motar Lugbe kafin ruwa ya sauko. Likita ya juyo mata da kwamfuta, ya nuna mata haƙora farare reras, ya ce yawancin masu zuwa wurinsa rufe tazarar suke so, ko ita ma a rufe? Safiyatu kuwa an rene ta a kan ba a musu da malami, ba a musu da likita, kuma aikin gwamnati ya ƙara goge ta a wannan fanni. Abin da take faɗa wa oga sau ashirin a yini shi ya fito daga bakinta: "Yadda ka gani, likita."

Bayan mako biyu aka manna. Aiki ya yi kyau, wannan ba a hana shi ba. A ofis aka yi ta yabo, Madam Angelina ta ce ta koma 'yar shekara ashirin da biyar. Ita dai tun da ta kalli madubi harshenta ke ta laluben wurin da iska ta saba wucewa.

Ran Asabar ta tarar da Malam Surajo a kan tabarma a gindin mangwaro. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta yi masa dariyar da ta saba. Ya daɗe yana duban bakinta. Sai ya gyara hularsa, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi hanya, ya sa Hafizu ya kawo wa baƙuwa ruwa. Hafizu ya ce, "Baba, Yaya Safiya ce fa." Tsohon ya yi masa kallon da yakan yi wa ɗalibin da ya ba da amsar banza.

Har la'asar tana zaune kusa da shi tana ɓare masa gyaɗa, shi kuma duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya ɗaga kai. Gajiyar da ta ji a wurin ta fi ta duk shekarun Garki. Da ta ɗauki jakarta za ta tafi, ya ce, "Hajiya, kin ce daga Abuja kike? Akwai 'yata can, mai wushirya. In kin gan ta ki ce yau na jira ta."

Safiyatu ta rufe bakinta da gefen mayafi. "Zan faɗa mata, Baba."