Yatsan Bu Warsini

Shekara goma sha bakwai Warsini ta yi tana soya tempe, wato wainar waken soya, a bakin ƙofar wata kwaleji a birnin Solo, da ƙaramar rediyo rataye a jikin keken suyarta. Ɗalibai su ci, su goge hannu a wando, su shige koyon aikin rediyo da talabijin, ita kuwa tana nan tana gyara wa masu karanta labarai a rediyon lafazi, daga ita sai kaskonta. Da autarta ta yi aure sai ta damƙa wa ƙanwarta keken, ta sayi fom, ta shiga ajin farko tana da shekara arba'in da uku. Unguwa ta ɗauka da surutu. Ni dai na ce gara ita, masu surutun ba abin da suka taɓa kammalawa sai gulma.

Zangon rediyo bai ba ta wuya ba. Muryar da ta saba ratsa ƙarar babura ba makirfo ne zai razana ta ba. Talabijin ne ya kusa kayar da ita, kuma ba kyamara ba ce, yatsa ne guda ɗaya.

Aikin da aka ba ta shi ne ta tsaya gefen kyamara, ta ƙirga da yatsu daga biyar zuwa ɗaya, sannan ta nuna mai gabatarwa da manuniya, alamar ya fara magana. To, a wurinmu wa ke nuna babba da manuniya? Tana ƙarama uwarta ta buge mata wannan yatsa da ludayi, har yau tana tuna zafin. Babban yatsa ake miƙawa, a ɗan rusuna.

Ranar gwaji malaminsu, Pak Sumarjo, wato Baba Sumarjo, ya zauna a kujerar mai labarai da furfurarsa. Warsini ta ƙirga tsaf, jar fitilar kyamara ta kama, ta rusuna ta miƙa masa babban yatsa. A wannan ɗaki kuwa babban yatsa ma'anarsa ɗaya ce, komai lafiya. Malam ya yi murmushi ya ɗaga mata nasa. Daƙiƙa goma sha biyu suna yaba wa juna, kyamara na ɗaukar shiru.

"Bu Warsini, yabona kike yi ko aiki kike ba ni?"

"Ku gafarce ni, Pak. Hannun ne ya ƙi."

"To ki faɗa wa hannun jarrabawa saura mako biyu. In ya sake ƙi, ku koma kasko tare."

Aji ya fashe da dariya, aka laƙaba mata Bu Jempol, wato uwar babban yatsa. Ta ji kunya, ta ji tsoro. Ba suyar take gudu ba, komawa ƙofar nan a matsayin wadda ta shiga ta kasa ne ba za ta iya ba. Ta yi ta atisaye a gida. Ta nuna kyanwa, ta nuna bishiyar ayaba, ta nuna tukunyar gas. Duk sun nunu, amma ba mai furfura a cikinsu.

Ranar jarrabawa sai ga baƙon shirin, Mbah Wiryo, wato Kaka Wiryo, tsohon mai wasan 'yan tsanan fata, wanda ko ƙofar gidansa za ta wuce sai ta sunkuya. Da gangan Pak Sumarjo ya gayyato shi, ba mai gaya mini ba haka ba ne.

Kafin a kunna fitilu ta je ta durƙusa gabansa.

"Mbah, ina neman gafara sau dubu. Anjima zan nuna ku da yatsa a gaban jama'a."

"Da wanne?"

Ta ɗago manuniyar kamar abin sata.

"Wannan ɗan tsurut ɗin? Haba 'yar nan, shekara hamsin matata na nuna ni da muciya, ga ni garau. Ki nuna da kyau, idona ya tafi. In kika yi mini ladabi, nan zan zauna ina washe baki har la'asar."

Biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Warsini ta miƙe hannun dama sak, manuniya ta doshi hancin tsoho, hannun hagu kuma ya tallafi gwiwar hannun kamar mai miƙa wa babba shayi. Mbah Wiryo ya buɗe baki daidai kan daƙiƙa. Minti takwas tana juya shi, ta nuna masa kyamara ta biyu, ta yi masa alamar ya taƙaita, ta yi masa alamar ya rufe, shi kuwa yana bi. Da jar fitila ta mutu ta waiga. Daga bayan gilashin ɗakin injuna Pak Sumarjo ya ɗaga babban yatsa, wannan karon kowa ya san abin da yake nufi. Daɗi ya kama ta har sai da ta zauna a ƙasa.

Yanzu shekararta shida a wata ƙaramar tashar talabijin. Ta nuna malamai, ta nuna manyan sojoji, kowa sai ya jira yatsanta kafin ya yi tari. Amma tare ta a titi ka tambaye ta hanyar kasuwa. Za ta rusuna, ta nuna maka da babban yatsa.