Ƙafar da Lantana ta ba masu dubiya

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Lantana, ɗiyar kawuna, taubashiyata, mai sayar da wake da shinkafa a zangon Yendi, unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Gana. Allah ya jiƙanta. Ni karatuna a aji uku ya tsaya, amma yau lacca zan yi muku a kan fatar ɗan Adam, kuma kada wanda ya yi mini gardama, don ina da shaida biyu, ɗaya a kowane ƙwauri.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina bin lori da goro daga Salaga zuwa Bawku. A tashar Salaga ƙarfen bodi ya yage mini ƙwaurin hagu. Direba ya tsiyaya mini man birki, ya ce an gama. Kafin mu kai Yendi ƙafa ta yi suntum, aka sauke ni gidan kawu.

Kun san zango da dubiya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu Garba, mu gani." Ba a hana babba gani. In kwance tsumma, ɓawon da ya fara kamawa ya biyo shi, jini ya dawo sabo. Kuma ba mai zuwa hannu sake. Wannan toka, wancan garin bagaruwa, wata tsohuwa ta tauna ganye ta tofa. Ciwo ya zama gyambo, har ƙudaje suka san sunana.

Mai wanke ciwo a ɗakin shan magani ya duba, ya ce ciwo daga ƙasa yake cikowa, jan nama ya taso, sannan sabuwar fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. Ya ce ni kullum rushe mata gini nake. Ya wanke, ya naɗe, ya ce kada kowa ya buɗe sai shi. In aka sake, babban asibiti za a kai ni, can kuma ba ya rantsuwa zan dawo da ƙafa biyu.

Kawu ya ce shi ba zai iya korar mutane daga ƙofarsa ba. Lantana ta ce, "Baba, bar ni da wannan ragon." Ta lulluɓe ƙafar hagu da bargo, ta kama ta dama, lafiyayya, ta naɗe ta da tsumma har gwiwa.

Na ce, "Ke, ba ita ba ce."

Ta ce, "Rufe mini baki, mai ƙafar aro. Wa ya tuna wacce ce?"

Wallahi ba wanda ya tuna. Duk mai cewa mu gani, sai ta ce likita ya hana, amma a ɗaga bakin tsumma a shafa daga gefe. Aka yi ta shafawa. Ni kuma aikina nishi, in na manta ta mintsine ni. Ta hagu tana can ƙarƙashin bargo tana ɗinke kanta, tana ƙaiƙayi kamar in yi hauka. Ta dama kuwa, wani mahauci ya kawo haɗinsa mai zafi, ya sale mini ita. Ranar da na miƙe, mutum nawa suka zo karɓar godiya! Duk na gode musu.

Yanzu ina da jika ma'aikaciyar jinya a Bawku. Ta ce fata hawa uku ce, ta sama mai tare ƙwayoyin cuta, ta tsakiya mai jini da gumi, sai kitse a ƙasa. Na ce na sani, na ga duka ukun da idona. Ta ce yau mutum ya ji ciwo sai ya ɗauki hotonsa a waya, dangi daga ko'ina su turo magani. Na ce ashe dubiya ce ta samu mota. Da Lantana na nan, hoton ƙafar wani za ta tura musu.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, tukunyarta ma ban san inda ta shiga ba. Amma kullum in na zo wanke ƙafa a alwala sai na gan su: tabon hagu, na ƙarfe, ya kwanta sumul, gashi bai sake fitowa a wurin ba, na dama, na masoya, ya fi shi muni. Da su biyun na bi gawarta har maƙabarta, a ƙasa, ba sanda.